Ƙarfe Nawa Ne a Tokelau? Yadda Ake Tabbatar da Agogon Tsibiri Mai Nisa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. An ba ni aikin tsara bayanan wata na'urar auna yanayi da aka kafa a tsibirin Fakaofo na Tokelau, kuma bayanan sun faro tun daga 2010. Na duba intanet na ga agogonsu yana gaban UTC, wato agogon da duniya ke auna sauran agogo da shi, da awa 13. Wata tsohuwar kwamfuta a ofishinmu ta ce awa 14 ne. Wata tsohuwar taswira kuma ta nuna bayan UTC suke da awa 11. Wanne zan ɗauka? Ta yaya mutum zai tabbatar da agogon wurin da ba shi da halin zuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. A yau Tokelau tana gaban UTC da awa 13 duk tsawon shekara, ba sa tura agogo gaba ko mayar da shi baya. Tsakaninsu da agogon Najeriya da Nijar awa 12 ne cif: idan ƙarfe 8 na daren Litinin ta yi a Kano, ƙarfe 8 na safiyar Talata ce a Fakaofo. Taswirarka ba ta yi ƙarya ba, zamaninta ne ya wuce, domin haka agogonsu yake har ƙarshen ranar 29 ga Disamba 2011. Kwamfutar ce kaɗai ta faɗi abin da bai taɓa zama gaskiya ba. Tunda bayananka sun ratsa ta wancan lokaci, kana buƙatar lambobi biyu, 11 a baya da 13 a gaba, kowace da iyakarta. Yadda 14 ta shigo cikin lissafin shi ne zai nuna maka hanyar binciken kowane tsibiri.

Tokelau tsibirai uku ne na murjani, Atafu da Nukunonu da Fakaofo, a ƙarƙashin Niyu Zilan, mutanenta wajen 1,500. Ba ta da filin jirgin sama. Jirgin ruwa daga Apia, babban birnin Samoa, shi ne hanyar shiga da fita, tafiyar kusan kilomita 500. Abinci da magani da ma'aikata duk ta Apia suke bi, har ofishin hulɗa na gwamnatin Tokelau a can yake. Shi ya sa da Samoa ta yanke shawarar tsallaka layin canjin kwanan wata, wato layin da ke tsakiyar Tekun Fasifik inda kalanda ke bambanta da kwana ɗaya, a ƙarshen 2011, don ranakun aikinta su dace da na Ostireliya da Niyu Zilan da ta fi ciniki da su, Tokelau ba ta da zaɓi sai ta bi ta. Mutane suka kwanta daren Alhamis 29 ga Disamba suka wayi gari Asabar 31 ga wata. Juma'a 30 ga Disamba 2011 ba ta zo ba a ƙasashen biyu. Hannun agogo bai motsa ba, kalanda ce ta yi tsalle: wanda yake awa 11 a bayan UTC aka ƙara masa awa 24, ya koma awa 13 a gaba.

Yawancin waya da kwamfuta a duniya daga rumbu ɗaya suke ɗebo bayanin agogon ƙasashe, rumbun da ake kira tz. Arthur David Olson ne ya fara shi a shekarun 1980, Paul Eggert ya daɗe yana kula da shi, kuma tun 2011 yana ƙarƙashin IANA, hukumar da ke kula da lambobin intanet. Tsofaffin bayanansa da dama an ɗauko su ne daga kundin Thomas Shanks, wanda aka tattara saboda masu duba taurari, kuma bai cika faɗin inda ya samo lambobinsa ba. Kundin ya ce Tokelau tana bayan GMT, agogon Greenwich wanda awa ɗaya suke nunawa da UTC, da awa 10 tun 1901. Rumbun ya kwafa, aka yi shekaru ba wanda ya tanka, saboda masu tambayar ƙarfe nawa ne a Fakaofo ba su da yawa. Da tsallaken 2011 ya zo sai aka ƙara 24 a kan lambar da ba daidai ba, ta ba da 14. Kuskuren ya kuma samu mafaka mai kyau: a watannin nan Samoa tana kan agogon bazara, wato ta tura agogonta gaba da awa ɗaya, don haka ita ma 14 take nunawa. Duk wanda ya kwatanta su zai ga sun yi daidai ya wuce.

A watan Yulin 2012 ne Steffen Thorsen, mai shafin timeanddate, ya kai rahoton cewa sun buga waya otal-otal da ofisoshi a Tokelau sun tambayi ƙarfe nawa, kuma duk amsoshin sun dace da awa 13. Eggert ya bi diddigi ya samu wata takardar majalisar dokokin Niyu Zilan ta 1948 da ke cewa Tokelau tana bayan GMT da awa 11. Aka gyara a bugun 2012e na watan Agusta. Tsohuwar kwamfutar ofishinku tana ɗauke da bugun da ya gabaci wannan gyara ne, ba a sabunta ta ba.

Ka lura da abin da ya warware matsalar: kiran waya da tsohuwar takardar gwamnati. Shafuka goma da suka ce 14 a lokacin ba shaidu goma ba ne, shaida ɗaya ce aka maimaita sau goma, tunda duk rijiya ɗaya suka sha. Wannan shi ne abin da na fi so ka riƙe. Idan ka buɗe shafuka da yawa ka ga bakinsu ya zo ɗaya, tambayi kanka ko akwai wanda ya samo nasa ta wata hanya dabam.

Dalilin da ya sa lissafi kaɗai ba ya isa shi ne babu wata hukumar duniya da ke raba wa ƙasashe agogo. Taron Washinton na 1884 ya amince da layin Greenwich a matsayin mafarin awo, amma bai tilasta wa kowa agogo ba, kuma layin canjin kwanan wata ba wata yarjejeniya ce ta zana shi ba. Duniya tana juya digiri 15 a kowace awa, wato minti 4 ga kowane digiri, kuma jiragen ruwa a tsakiyar teku suna bin wannan rabo. Da zarar an taka ƙasa sai maganar ta koma hannun gwamnati. Tsibirin Kiritimati na ƙasar Kiribati yana kudu da Hawayi, kusan a layi ɗaya, hannun agogonsu ma ɗaya ne, amma Kiritimati yana gaba da kwana guda cur, awa 14 a gaban UTC. Kiribati ce ta yi wannan sauyi a ƙarshen 1994, saboda a da layin ya raba ƙasar biyu, ofisoshin gabas da na yamma ba sa haɗuwa a ranar aiki sai kwana huɗu a mako. Tsakanin Samoa da Samoa ta Amurka tafiyar jirgin sama ba ta kai awa ɗaya ba, amma bambancin agogonsu awa 24 ne. Idan ƙarfe 11:30 na safiyar Litinin ta yi a Kano, Talata ta riga ta shiga a Kiritimati, a Pago Pago na Samoa ta Amurka kuma har yanzu daren Lahadi ne.

Saboda haka kafin ka tambayi agogon tsibiri, ka tabbatar wane tsibiri ne kuma wa ke mulkinsa. Abin kamar wasa, amma nan mutane da yawa ke faɗuwa. Kiritimati shi ake kira Tsibirin Kirsimeti, alhali akwai wani Tsibirin Kirsimeti na Ostireliya a Tekun Indiya wanda yake awa 7 a gaban UTC, rabin na wancan. Sannan mallakar ƙasa ba ta nufin agogo ɗaya. Tokelau ta Niyu Zilan ce amma ba ta bin agogon Wellington. Tsibiran Galapagos na Ikwado suna bayan sauran ƙasar da awa ɗaya, Tsibirin Ista na Chile yana bayan babban birninsu Santiyago da awa biyu. Tristan da Cunha na Birtaniya kuwa, a kudancin Atlantika, yana wajen digiri 12 yamma, wanda a lissafi ya kamata ya zama awa ɗaya a baya, amma GMT yake bi, kamar Ghana, kuma ba ya sauyawa idan Landan ta shiga agogon bazara.

Bayan ka san tsibirin, buɗe rumbun tz ɗin da kansa, kada ka tsaya ga abin da manhaja ta nuna. Sunan Tokelau a ciki shi ne Pacific/Fakaofo. Idan kana da Linux ko Mac, umarnin zdump -v tare da wannan suna zai jero maka duk lokutan da agogon ya sauya, kuma nan take za ka gane ko bugun da ke na'urarka tsoho ne. Abin da ya fi amfani a wurina shi ne bayanan gefe da ke cikin fayil ɗin australasia, inda tsibiran Fasifik suke. A nan masu kula da rumbun suke rubuta wa ya kawo labari, a wace rana, da wace hujja, har da inda suke shakka. Mutane kaɗan ne ke karanta su, alhali a nan ake bambance lambar da ke da doka a bayanta da wadda aka gada daga Shanks. Su da kansu sun faɗa cewa abin da ya gabaci 1970 ba su ba da tabbaci a kansa ba. Kada kuma ka yi mamaki idan ka nemi wani tsibiri aka kai ka wani gari can dabam. Wuraren da agogonsu bai saɓa ba tun 1970 ana haɗe su: Saint Helena tana jingine da Abidjan, kamar yadda Yamai take jingine da Legas.

Daga nan sai doka. Nemi sanarwar gwamnati ko gazet ɗin da ya kafa agogon, ka duba ranar da ta fara aiki. Ƙananan ƙasashe sukan sauya agogo da gajeren notis, labarin kuma ba ya yin nisa. Ga misali a maƙwabtanmu: Sao Tome da Principe, a nan mashigin Gini, ta bar GMT ta koma agogo ɗaya da Najeriya ranar 1 ga Janairu 2018, sannan ta koma GMT ranar 1 ga Janairu 2019. Duk wanda ke da bayanan 2018 daga can, ya yi amfani da agogon yau, ya yi kuskuren awa ɗaya na shekara guda. Tsibirin Norfolk ya rage rabin awa a Oktoban 2015, daga 11:30 zuwa 11, sannan ya fara agogon bazara a 2019. Samoa ta daina nata agogon bazarar a 2021. Tambayar da ta cika ita ce: mene ne agogon wuri kaza a rana kaza.

Sai mutanen wurin. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma a ra'ayina idan doka da mazauna suka saɓa, abin da ke bangon asibiti da makaranta da tashar jirgin ruwa shi ne agogon tsibirin. Shi ma rumbun tz abin da mutane ke bi a zahiri yake ƙoƙarin rubutawa. Amma tambayar tana da ladabinta. Kada ka ce wa mutum "kuna UTC nawa?" Yawancin mutane, har a nan gida, ba su san amsar wannan ba, zai duba waya ne ya karanto maka abin da rumbun ya faɗa, ka koma inda ka fito. Ce masa: yanzu ƙarfe nawa ne a wurinku, yau wace rana ce, nawa ga wata? Kai kuma ka rubuta UTC na daidai wannan lokacin ka cire. Roƙe shi ya duba agogon bango ko lokacin da rediyo ke faɗa. Tambayi mutum biyu ko uku a wurare dabam-dabam. Sannan ka tabbatar wanda kake magana da shi yana kan tsibirin. Idan ka kira ofishin Tokelau da ke Apia, agogon Samoa za a ba ka. Yau ba matsala tunda duk 13 ne, amma daga 2010 zuwa 2021, a watannin bazararsu, da ka samu amsar da ta zarce da awa ɗaya daga bakin ma'aikacin gwamnatin Tokelau da kansa. Ka kuma tambaya ko akwai watannin da ake sauya agogo, domin kiran da ka yi a Yuli ba ya ba da labarin Janairu. A kudancin duniya bazara daga wajen Oktoba take zuwa Afrilu, kishiyar Turai.

Kai kana da wata shaida da mafi yawan masu wannan tambaya ba su da ita, wato bayanan na'urar. Sanin agogon Tokelau abu ɗaya ne, sanin agogon da aka saita na'urar a kai abu ne dabam. Na'urori irin wannan wasu UTC suke rubutawa, wasu agogon gari, wasu kuma agogon kwamfutar injiniyan da ya zo ya kafa su daga wata ƙasa. Rana za ta raba gardama. Fakaofo yana wajen digiri 171 da ɗan ɗoriya yamma. Ninka da minti 4, ka samu kusan awa 11 da minti 25. Wato zawali a can yana faɗowa wajen 23:25 agogon UTC, wanda shi ne 12:25 na rana a agogon gari. Yana ɗan matsawa gaba ko baya da kimanin kwata na awa gwargwadon wata, ya fi saurin zuwa a farkon Nuwamba, ya fi jinkiri a tsakiyar Fabrairu, kamar yadda ka saba gani a jadawalin sallar Azahar. Ɗauki kwanaki da yawa da sama ta yi garau, duba lokacin da ma'aunin hasken rana ya fara motsi da safe da lokacin da ya mutu da yamma, ka raba tsakiya. Idan tsakiyar ta faɗo wajen 12:25, na'urar tana kan agogon gari. Idan wajen 13:25 ne, an saita ta a kan 14, ko dai daga kuskuren rumbun ko daga agogon bazarar Samoa. Idan wajen 23:25 ne, UTC take rubutawa, ka huta. Yi amfani da haske, kada ka yi da zafi, domin zafi yakan kai ƙololuwa ne bayan zawali. Ka yi wannan gwaji shekara-shekara, saboda duk ranar da aka canza batir ko aka sake haɗa na'urar da wata kwamfuta agogonta na iya tsalle.

Wani abin sha'awa: zawalin Kano ma wajen 12:25 yake a agogonmu. Kano tana digiri 8 da rabi gabas, Tokelau kuma tana kusan daidai bayanta a ɗaya gefen duniya. Da za a huda ƙasa daga Fakaofo a miƙe ta tsakiya, a jihar Filato za a ɓullo. Don haka kana da ma'auni mai sauƙi: lokacin da rana take tsaka a can, tsakar dare ne a nan.

Sai dai rana tana da iyaka. Za ta gaya maka awa, ba za ta gaya maka kwanan wata ba. Awa 11 a baya da awa 13 a gaba hannun agogo ɗaya suke nunawa, zawali 12:25 a duka biyun, bambancin kwana ɗaya ne cif. Wannan kuskure ya fi na awa ɗaya haɗari saboda ba ya nuna kansa. Yana kuma shigowa ta wata ƙofa da ba a zato. Manhajojin da ake ba lambobin wuri su fitar da agogo suna dogara ne da taswirar iyakoki. Tsibirin murjani siriri ne, wani wurin faɗinsa bai wuce 'yan ɗaruruwan mita ba. Idan taswirar ba ta da kyau, ko lambobinka suka ɗan kauce, manhajar na iya ɗauka a teku kake ta ba ka agogon jiragen ruwa, wanda a wannan yanki awa 11 ne a baya. Za ka duba ka ga awa ta yi daidai ka amince, alhali ranar ta goce. Sunan da za ka gani shi ne Etc/GMT+11, kuma a irin waɗannan sunaye alamar a juye take: mai alamar tarawa yana nufin bayan UTC. Don gano kwanan wata sai ka gwada bayananka da wani abu da aka san ranarsa, kamar ranar da aka kafa na'urar ko aka yi mata gyara a littafin aiki, ko wani ruwan sama mai ƙarfi da hukumar yanayi ta rubuta da UTC.

Kada ka ɗauka ko'ina cikakkiyar awa ce. Tsibiran Chatham suna gaban UTC da awa 12 da minti 45 idan ba lokacin agogon bazara ba ne, Marquesas suna baya da awa 9 da rabi, tsibirin Lord Howe kuma rabin awa kawai yake ƙarawa a bazara, daga 10:30 zuwa 11. Manhajar da ba ta karɓar sai cikakkiyar lamba za ta ɓata maka waɗannan. Gajerun sunaye irin CST da IST ma ka guje su, kowanne yana nufin wurare fiye da ɗaya. Tsibirin da ba kowa a cikinsa, kamar Bouvet, ba shi da agogon gari da za a tabbatar, rumbun tz ma bai ba shi suna ba. Na'urar da ke irin wannan wuri agogon masu ita take bi, su za ka tambaya.

Ga yadda nake ganin ya kamata ka tsara aikinka. Bar ainihin fayil ɗin yadda ya zo, kada ka taɓa shi. Yi gwajin zawali ka gano agogon na'urar a kowane zango, ka mayar da komai UTC a sabon shafi, ka rubuta a gefe hujjar da ka dogara da ita da bugun tz da ka yi aiki da shi. Idan za ka nuna lokacin gari, sa sunan Pacific/Fakaofo a sabon bugu ya yi maka juyin, kada ka ƙara 13 da hannu, domin duk abin da ya gabaci ƙarfe 11 na safe agogon UTC ranar 30 ga Disamba 2011 awa 11 ake cire masa. Idan ka ga babu layi ko ɗaya mai ɗauke da 30 ga Disamba 2011 a lokacin gari, kada ka cike gurbin da ƙiyasi, ba abin da ya ɓace. Idan kuwa ka tarar da wannan rana cike da awo a ainihin fayil ɗin, to ko dai na'urar UTC take bi, ko kuma ba a gyara kalandarta ba bayan tsallaken, kuma duk layukan da suka biyo baya suna bayan kalandar gari da kwana ɗaya har zuwa ranar da wani ya saita ta. Nemo wannan ranar a littafin masu kula da na'urar kafin ka haɗa jimillar ruwan sama ta kowace rana.